An ce jijiyar saifarka ta kumbura? Ga yadda ake toshe ta ba tare da yanka ba, da hotunan da za a riƙa ɗauka bayan nan

Yawanci wannan abun ba ya ciwo, mutum ya je a yi mai sikanin don wata matsala daban kawai likita ya ce ai jijiyar da ke kai jini saifa ta yi ƙululu a wani waje kamar balan-balan. A cikin jijiyoyin kayan ciki ita ce ta fi yin haka, kuma ta fi kama mata, musamman wadda ta yi haihuwa da yawa, sai masu ciwon hanta da jini ke taruwa musu a jijiyar hanta.

Farko dai ka tambayi girmanta da santimita. Ƙungiyar likitocin jijiya ta Amurka a ƙa'idarta ta 2020 ta ce in ta kai santimita 3 a yi aiki, in ba ta kai ba a riƙa dubawa da hoto duk shekara. Amma akwai waɗanda ba a jira da su ko da ƙarama ce: mace mai ciki ko wadda za ta iya ɗaukar ciki, wanda take yi wa ciwo, wadda take ƙara girma, da kuma irin wadda bangon jijiyar ne ya huje jini ya taru a gefe, wannan yawanci ciwon fankiriyas (wani sashe na kayan ciki da ke bayan tumbi) ne ke jawo ta kuma tana fashewa da sauri. 'Yar uwa in kina shirin haihuwa ki faɗa wa likita tun da wuri, fashewarta lokacin ciki na iya tafiya da uwa da ɗa.

Kafin ranar aiki za a gwada ƙodarka saboda ruwan kalar da ake ɗurawa don jijiya ta fito a hoto, ka faɗi duk maganin da kake sha, musamman mai tsinka jini da metformin na masu suga. Aikin kansa allurar kashe zafi ake yi a gindin cinya ko wuyan hannu, a zura siririn bututu har ya isa jijiyar, sai a cusa ƙananan wayoyi masu lanƙwasa da ake kira koyil su toshe wurin jini ya daskare a ciki. Ana toshe gaba da bayan kumburin, don in aka toshe gefe ɗaya kawai jini zai zagayo ta baya ya sake cika shi. Wani lokacin in jijiyar ba ta cika murɗewa ba sai a sa sitent mai rufi, wato ɗan bututun raga da ake sakawa cikin jijiyar ya rufe bakin ƙululun, jini ya ci gaba da wucewa abinsa. Saifar ba ta mutuwa yawanci, tana samun jini ta ƙananan jijiyoyin da ke fitowa daga tumbi.

Bayan aiki zazzaɓi kaɗan da ciwon gefen hagu na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne. Amma zazzaɓin da ya ƙi sauka, ko ciwo mai tsanani da ke harbawa kafaɗar hagu, ko jiri da zufa mai sanyi, a koma asibiti nan take.

To a nan ne mutane ke sakaci, an sallame su sun ji garau sai su daina zuwa hoto. Koyil na iya matsewa jini ya sake samun hanya, kuma ba za ka ji komai a jikinka ba. Yawanci ana yin hoto wajen wata ɗaya, sai wata shida, sai shekara, daga nan likita ya tsara maka. Ka sani ƙarfen koyil yana ɓata hoton CT da haske har ba a gane ko jini na shiga, shi ya sa da yawa suka fi son MRI ko sikanin Doppler mai nuna gudun jini bayan an sa koyil. Ka riƙe takardar da ta nuna irin koyil ɗin da aka sa maka da tsofaffin hotunanka, domin sai an kwatanta sabo da tsoho ake sanin ko ƙululun yana motsewa. In kuma hoto ya nuna babban ɓangaren saifar ya mutu, ka tambaya ko kana buƙatar rigakafin nimoniya da sanƙarau.