Yadda Ake Binciken Zaman Yahudawa da Larabawa a Tsohon Birnin Fustat

Duk mai son sanin yadda Yahudawa suka yi zaman tare da maƙwabtansu Larabawa a Masar ta da, ya kamata ya fara da Fustat, birnin da Amru bin As ya kafa a 641, wanda a yau yake cikin Tsohuwar Alƙahira. A majami'ar Ben Ezra, wurin ibadar Yahudawa da ke can, akwai wani ɗaki da ake kira Geniza, inda jama'ar suka yi ta zuba tsofaffin takardunsu shekara da shekaru, saboda a al'adarsu ba a yar da rubutun da zai iya ɗauke da sunan Allah. Tsakanin 1896 da 1897 wani masani mai suna Solomon Schechter ya kwashe gutsattsari kusan 193,000 zuwa Jami'ar Cambridge, kuma mafi yawan waɗanda suka shafi harkokin yau da kullum sun fito ne daga ƙarni na 11 zuwa na 13. Jami'o'in Cambridge da Princeton sun ɗora hotunan da dama daga cikinsu a intanet.

Aikin farko shi ne koyon haruffan Ibrananci guda 22. Yahudawan Fustat da Larabci suke magana a gida da kasuwa, sai dai da haruffansu suke rubuta shi, kamar yadda malamanmu ke rubuta Hausa da ajami, don haka wanda ya iya Larabci ya riga ya ci rabin tafiya. Sai kuma lissafin shekara. Takardun kotunsu sukan yi amfani da lissafin da ya faro daga shekara ta 312 ko 311 kafin miladiyya, ke nan idan mai bincike ya ga 1450, sai ya cire ɗayan biyun nan ya sami 1138 ko 1139. Takardar da ta fito daga gaban alƙali Musulmi kuwa shekarar Hijira take ɗauke da ita.

Daga nan sai a nufi takardun da ba a rubuta su don wani ya yaba ba, wato yarjejeniyar haya da sayen gida, da rasit, da wasiƙun 'yan kasuwa, da jerin kayan ɗakin amarya. A kan raba mallakar gida kashi 24, kowane kashi ana ce masa ƙiraɗi, kuma ana bayyana iyakokin gida da sunayen maƙwabta. Mai bincike ya tsaya ya rubuta waɗannan sunaye ɗaya bayan ɗaya, domin ta nan ne zai ga cewa ko da yake Yahudawa sun fi taruwa kusa da majami'unsu, ba a killace su a unguwa guda ba, har a kan sami gida ɗaya da Bayahude da Musulmi ko Kirista suke da rabo a cikinsa. Jerin kayan amarya kuma yakan kawo sunan kowane tufafi da kwano da abin ado tare da kuɗinsa a dinari, kuma S. D. Goitein, wanda ya ƙarar da shekaru masu yawa a kan waɗannan takardu, ya kimanta cewa dinari biyu kan riƙe ƙaramin iyali wata guda. Da wannan ma'auni ake gane mai hali da marar shi.

A ganina, babu abin da ya kai tambayoyin da ake aika wa malamai nuna ainihin cuɗanyar. An tambayi Musa bin Maimun, malamin Yahudawa kuma likita wanda ya rasu a Fustat a 1204, game da wasu Yahudawa da Musulmi da suka haɗa jari a sana'a, suka shirya cewa ribar Juma'a ta Yahudawa ce, ta Asabar kuma ta Musulmi, sai ya halatta tsarin. Mutanen nan ba su ɓoye bambancin addininsu ba, sun dai nemo hanyar da kowa zai kiyaye ranar ibadarsa ba tare da an rufe shago ba. Haka nan yawan gargaɗin da shugabannin Yahudawa ke yi na kada a kai ƙara gaban alƙali Musulmi shaida ce cewa ana kaiwa, musamman a rikicin gado da na dukiya.

Amma kada daɗin irin wannan labari ya sa a tsallake takardun jiziya. Haraji ne da ke kan kowane namiji baligi wanda ba Musulmi ba, kuma ga talaka nauyi ne mai tsanani: wanda ya kasa biya ana iya tsare shi, matafiyi kuma ba ya sakin jiki sai da rasit ɗinsa a aljihu. Akwai wasiƙu na neman taimako daga mutanen da suka ɓuya a gida don tsoron mai karɓar haraji, akwai kuma jerin sunayen masu karɓar burodin sadaka. Wanda ya karanta wasiƙun attajirai kaɗai zai fito da rabin labari.

Dole ne kuma a ɗaure kowace takarda da zamaninta. A ƙarƙashin Fatimiyawa, daga 969 zuwa 1171, an sami Yahudawa a manyan muƙaman gwamnati, amma a cikin wannan daular ce Halifa Al-Hakim, wanda ya yi mulki daga 996 zuwa 1021, ya sa aka rushe coci-coci da majami'u, har da ta Ben Ezra, wadda aka sake ginawa bayan rasuwarsa. A 1301, zamanin daular Mamluk, aka tilasta wa Yahudawa rawani rawaya, Kiristoci kuma shuɗi. Saboda haka hujjar da aka samo daga ƙarni na 11 ba ta isa a yanke hukunci da ita a kan na 14 ba.

Tun da yake Yahudawa ne suka tara takardun, kuma galibi maza ne suka rubuta su, muryar maƙwabcin Musulmi da ta mace ba sa fitowa sosai. Don cike wannan giɓi, sai a gwada abin da aka samu da bayanin unguwanni da wuraren ibada na Alƙahira da masanin tarihi Al-Maƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya rubuta, da kuma littattafan hisba masu tsara dokokin kasuwa, a riƙa lura da inda doka ta ce abu kaza, rasit ko wasiƙa kuma ta nuna an yi wani abu dabam.