Yadda za ka dogara ga halin Allah idan komai ya rikice

'Yan'uwa cikin Almasihu, ranar da aka kira ka a waya aka ce an ɗauke ƙaninka a hanya, ko likita ya faɗi abinda baka so ji ba, ko aka watsa ƙauyenku ana tsakiyar damina, tambayar da take fara zuwa itace, anya Allah na ganina kuwa? Toh ga abinda nake ganin ya kamata mutum ya yi.

Da farko karka auna halin Allah da labarin da ka ji yau. Ka koma inda shi da kansa ya faɗi ko shi wanene, wato Fitowa 34:6, inda ya gaya wa Musa cewa shi mai jinƙai ne, mai alheri, mai jinkirin fushi, mai yawan ƙauna da aminci. Ka lura fa, ya faɗi haka ne bayan Isra'ilawa sun ƙera ɗan maraƙin zinariya sun yi masa sujada, ba lokacin da suke kirki ba. Dauda ya maimaita maganar a Zabura 103:8, Yowel ma haka, har Yunana da yake fushi don an yafe wa Nineba sai da ya faɗe ta. Ka haddace wannan ayar tun yanzu, ka rubuta a takarda ka sa a aljihu, saboda ranar gudu ba kowa ke samun ɗaukar Littafi Mai Tsarki ba, waya kuma caji na ƙarewa.

Sannan ka faɗa masa gaskiyar abinda ke ranka. Anan ne da yawa daga cikinmu muke cutar kanmu, a tambaye ka ya gida kace lafiya lau mun gode Allah, alhali cikinka na tafasa, kazo addu'a ma kana yi wa Allah irin wannan gaisuwar kamar baƙo. Buɗe Zabura 13, sau 4 Dauda yana tambaya har yaushe, kuma ba'a cire ta daga Littafi ba. Littafin Makoki an rubuta shi ne bayan Babila ta ƙone Urushalima da haikali, sama da sura biyu kuka ne zalla, sai a 3:21-23 marubucin yace ya tuna wani abu, jinƙan Ubangiji baya ƙarewa, sabo ne kowace safiya. Garin na nan a rushe lokacin da yake faɗin haka. Don haka kayi addu'arka bi da bi, kukan tukuna ba tare da ɓoye komai ba, sannan ka faɗi halinsa da bakinka ko da zuciyarka bata kamo ba tukuna.

Ka koyi cewa "ko da bai yi ba". Shadrak da Meshak da Abednego sun gaya wa sarki Allahnsu na da ikon cetonsu daga tanderun wuta, amma ko bai cece su ba bazasu yi wa gunki sujada ba (Daniyel 3:17-18). A Oktoban 2014 Boko Haram sun kama hedkwatar cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos na wani lokaci, membobi suka warwatsu har Kamaru, kuma a sansanonin gudun hijira an cigaba da taruwa ana sujada. Wasu sun koma gida, wasu har yau ba'a ga 'ya'yansu ba, Allahnsu ɗaya ne.

Dan Allah ka kiyayi duk wanda zai ce maka zunubinka ne ya jawo, ko ka kawo kuɗi ya baka mai ko ruwan addu'a. Abin na min ciwo sosai. Abokan Ayuba sunyi irin wannan maganar, Allah kuma ya tsawata musu a 42:7.

Kada ka kulle kanka a ɗaki. Sanar da fasto ko wani dattijo, idan ke mace ce ki gaya wa uwar zumunta, a zo a zauna da ke ko ba'a ce komai ba. Kuma ayi abinda hankali ya nuna, Nehemiya 4:9 yace sunyi addu'a sun kuma sa masu tsaro dare da rana. A kai mara lafiya asibiti, a kai rahoto inda ya kamata, idan ance a tashi daga gari a kwashe yara da tsofaffi da wuri.