Tsaftar gida da ƙananan yara, ba tare da kashe kuɗi ba

Yarana uku, ɗaki biyu muke da shi a Tudun Wada. Da hunturu kada ki yi shara a bushe, ƙurar hancin yara za ta koma. Yayyafa ruwa tukuna. Ruwan ɗaurayar wanki ba na zubarwa, da shi nake goge ɗaki. Bayan tukunya kuwa, toka da soso sun wadatar, ki adana Omo ɗinki. Kayan wasa a tsohuwar robar fenti nake tara su, kowa ya kwashe nasa kafin magariba, ko da kuka ne.

Hypo da kananzir, ki ɗora su can saman kwaba, kuma kada ki taɓa zuba su a gorar ruwa. Autana ya taɓa kai hannu, har yau in na tuna gabana sai ya faɗi.