Kurakuran da Ake Tafkawa Wajen Rubuta Juriya a Labaran Zamanin Dutse

Duk sabon marubucin da ya ɗauko labarin mutanen zamanin dutse, masu farauta da mashi da kwana a kogo, jigo ɗaya yake hari: juriya da ƙarfin zuciya. Jigon ba shi da laifi. Yadda ake rubuta shi ne ya ishe ni, don kurakuran ba sa canzawa daga wannan rubutu zuwa wancan.

Mafi muni shi ne gwarzon da ba ya jin jiki. Zaki ya yage masa cinya a babi na uku, a babi na huɗu ga shi yana tsere a kan tsauni, ko ɗingishi babu. To me ya jure? Mai karatu ba ya tausaya wa wanda ciwo bai hana shi komai ba. Cizon naman daji cikin kwana biyu zuwa uku yake kumbura, ya tara mugunya, zazzaɓi ya biyo baya. Karayar ƙashin cinya tana cin wata uku ko fiye kafin mutum ya taka sosai, ko da an dace da ɗori. In ana zafi, da ƙyar mutum ke wuce kwana uku ba ruwa. Ni dai al'adata, duk raunin da na yi wa jarumi sai na rubuta a takardar gefe abin da ya hana shi yi, da tsawon lokacin da zai ɗauka. In hannun dama ne, ba jifan mashi, ba murza itacen kunna wuta, har sai takardar ta ce ya warke.

Na biyu ɗan'uwan na farko ne: jarumin da ya rayu shi kaɗai, ba dangi, ba mai miƙo masa ruwa. Ku je ku karanta abin da aka tono mana! A 1957, a kogon Shanidar da ke yankin Kurdawa na Iraƙi, an samu ƙasusuwan wani mutum jinsin Niyandatal, wato wani jinsin mutanen dā da ya ƙare, wanda ya rayu sama da shekara 40,000 da suka wuce. Hannunsa na dama ya shanye, an taɓa fasa masa gefen fuska na hagu kusa da ido, kunnensa ma ba ya ji sosai. Raunukan sun warke tun yana raye, ya kuma kai wajen shekara arba'in. Mai irin wannan jiki ba ya farautar da za ta ciyar da shi. Wasu ne suka riƙe shi. A nan labarin yake. Wa ya rage cikinsa ya ba shi? Wa ya ce a bar shi a baya ranar ƙaura, wa ya ƙi? Shi kuma yaya ya haɗiye kunyar zama abin ciyarwa bayan a da shi ke kawo nama? Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma miyar mafarauci ita ce ƙarfin damtsensa.

Sai masu sa jarumi ya tsaya a bakin kogo yana lacca: ba zan karaya ba, na yarda da kaina. Haba! Wanda yunwa ke ci ba shi da lokacin wannan surutu. Ku share layin, ku ba shi aiki. Mutumin da aka samu gawarsa a cikin ƙanƙarar tsaunukan Alps na Turai a 1991, wanda ya mutu kimanin shekara 5,300 da suka wuce, kibiya 14 ce a kwarinsa, biyu kawai aka gama haɗawa, bakansa ma bai gama sassaƙa shi ba. Yana ɗauke da ɗan akushin ɓawon itace da ya naɗe garwashi a ciki da ɗanyen ganye. Ku nuna jaruminku yana hura garwashin nan da daddare, hannunsa na rawa, ya san in ya mutu sai ya sake neman wuta daga farko. Ba sai kun ce yana da juriya ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna zubar da mutuncin rubutu. Kada ku haɗa mutum da dinoso, manyan dabbobin nan na dā masu kama da ƙadangare. Sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, jinsinmu kuwa bai wuce shekara 300,000 ba. Ba minti, ba kilomita: a auna da tsayin rana da tafiyar yini. Kada a sa mutanen labarin gurnani kamar dabbobi. Mata ba zaman jira suke a kogo ba, su ma suna tono saiwa, suna jeme fata, suna kamun kifi.

Kuma ba dole ba ne kullum a kai labarin ƙasar ƙanƙara. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, an gano maƙabarta a 2000 a bakin tsohon tafki mai kada da dorina da giwan ruwa, wanda fari ya busar har mutanen suka watse. A Dufuna ta jihar Yobe an tono kwalekwale mai kimanin shekara 8,000 a 1987. Mai son gwada zuciyar jaruminsa ya fara babin farko da shekarar da ruwan tafkin ya soma ja baya.