Yadda iyali za su yi hutu mai sauƙin kuɗi a yankin tafkunan arewacin Ingila

Yankin da ake kira Lake District yana gundumar Cumbria, arewa maso yammacin Ingila. An mayar da shi gandun shaƙatawa na ƙasa a 1951, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2017. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,300. Babu ƙofar shiga, babu mai karɓar tikiti: tafkunan da tsaunukan da hanyoyin ƙafa duk kyauta ne. Abin da ke cin kuɗin iyali shi ne wurin kwana, da abin hawa, da abinci, da kuma ranar da ruwan sama ya kore ku daga waje. Uku daga cikin huɗun nan tun a gida ake yanke su, makonni kafin a ɗaure kaya.

Lokacin tafiya

Farashin masauki yana bin hutun makarantun Ingila sawu da ƙafa. Dogon hutu yana farawa a ƙarshen Yuli ya ƙare a farkon Satumba, kuma a makonni shidan nan ne komai ya fi tsada. Akwai gajeren hutu na mako ɗaya a ƙarshen Mayu, da wani a ƙarshen Oktoba, sai na Ista. Ga mai yara 'yan makaranta, na ƙarshen Mayu ya fi dacewa: Afrilu da Mayu suna cikin watannin da ruwa ya fi ƙaranci a yankin, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare. Na Oktoba ya fi araha, amma yini gajere ne kuma ruwa ya fi yawa. Idan dole sai dogon hutu, ku duba makon ƙarshe, domin sau da yawa farashi yakan fara saukowa a lokacin.

Kada ku cire yaro daga makaranta don neman araha. Tun daga Agustan 2024, tarar fashin makaranta ba tare da izini ba a Ingila fam 80 ce a kan kowane yaro, kuma uwa da uba kowa da tasa, idan an biya cikin kwana 21. In an wuce, ta zama fam 160. Iyaye biyu da yara uku, fam 480 ke nan tun kafin a kunna mota. Masu ƙananan yara da ba su shiga makaranta ba su ne suka more: tsakiyar Yuni ko tsakiyar Satumba nasu ne.

Wurin kwana

Nan ne mafi yawan kuɗin yake tafiya, don haka nan ya kamata a zauna a yi lissafi da kyau. Garuruwan da kowa ya sani, Bowness da Ambleside da Grasmere da Keswick, su ne mafi tsada. Garuruwan da ke bakin gandun, wato Kendal da Penrith da Cockermouth da Ulverston, sun fi sauƙi, kuma tafiyar ba ta wuce minti talatin a mota zuwa tafki mafi kusa. Suna da manyan shagunan cefane, abin da ƙauyukan ciki ba su da shi. Penrith tana da wani alfanu kuma: tana gabashin tsaunukan, ruwan da take samu a shekara bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ake samu a Seathwaite da ke kwarin Borrowdale ba, inda ya haura milimita 3,000.

Sharaɗi ɗaya bai kamata a sassauta ba: masaukin ya kasance da kicin. Otal mai araha da babu wurin girki ya fi gidan haya tsada idan aka haɗa da abincin mutum biyar sau uku a rana.

Gidajen haya na hutu galibi mako guda ake ba da su, daga Juma'a zuwa Juma'a ko Asabar zuwa Asabar. A wajen dogon hutu ana samun gajeren zama, kuma kwana huɗu daga Litinin zuwa Juma'a sukan zo daidai ko kusa da farashin kwana uku na ƙarshen mako. Kafin ku biya, ku tabbatar da waɗannan a rubuce: shin kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki suna ciki, akwai zanin gado da tawul, akwai wurin ajiye mota, nawa ne kuɗin ajiya na ɓarna, kuma me ake mayarwa idan an fasa tafiya. Wurin mota ba ƙaramar magana ba ce. Tsofaffin gidajen tsakiyar Ambleside da Keswick da yawa ba su da shi, sai ka ga iyali suna biyan kuɗin fakin kullum har mako ya ƙare.

Zaɓi na biyu shi ne masaukan YHA, ƙungiyar da ke da masaukai masu araha na matafiya, irin na Ambleside da ke bakin tafkin Windermere, da na Keswick, da na Borrowdale. Suna da ɗakuna na iyali masu gado hawa biyu, da kicin na haɗaka, da ɗakin busar da jiƙaƙƙun kaya, wanda darajarsa ba ta bayyana sai ranar da aka dawo sharkaf. Wasu ɗakunan banɗakinsu a waje yake, ku duba kafin ku kama. Ɗakunan iyali ba su da yawa, kan ƙare watanni kafin hutu.

Na uku shi ne tanti. Ƙungiyar National Trust, mai kula da wuraren tarihi da filaye, tana da sansanoni a Low Wray da Great Langdale da Wasdale, manoma da yawa kuma suna ba da filayensu. Tanti yana da araha ne kawai ga wanda yake da kayan ko zai ara. Wanda zai sayi tanti da jakunkunan barci biyar da katifu da risho saboda tafiya ɗaya, gara ya kama ɗaki. Kuma a wannan yankin doka ba ta ba kowa damar kafa tanti a filin wani ba tare da izini ba, har da bakin tafki.

Zuwa da zirga-zirga

A mota, babbar hanyar M6 ce: mahaɗa ta 36 ga masu nufin Kendal da Windermere, ta 40 ga masu nufin Penrith da Keswick. Yaro sai ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135 kafin ya daina zama a kujerar yara. In motar haya ce, ku taho da kujerunku, domin kamfanoni suna cajin kowace kujera daban. Wani kuskure da baƙi ke yawan yi shi ne bin manhajar taswira ido rufe. Takan bi da mutum ta Hardknott da Wrynose saboda a taswira sun fi gajarta, alhali hanyoyi ne masu faɗin mota ɗaya, hawan Hardknott kuma ya kai kashi 30 cikin 100 a wasu wurare. Mota cike da mutane da kaya ba ta da abin yi a can.

A jirgin ƙasa, daga tashar Euston ta Landan zuwa Oxenholme bai kai awa uku ba, daga nan a canja zuwa ƙaramin jirgin Windermere, kamar minti ashirin. Keswick ba ta da tasha, sai a sauka a Penrith a hau bas. Ku sani cewa garin Windermere ba a bakin ruwa yake ba. Bowness ce a bakin tafkin, fiye da kilomita biyu daga tasha.

Katin rangwame na Family & Friends Railcard yana rage kashi ɗaya cikin uku a kuɗin babba, da kashi 60 cikin 100 a kuɗin yaro ɗan shekara 5 zuwa 15, har manya huɗu da yara huɗu, muddin akwai yaro cikin tafiyar. A ce tikitin babba fam 90 ne, na yaro 45. Manya biyu da yara uku za su biya 315. Da katin, 174. Tafiya ɗaya ta mayar da kuɗin katin har da ƙari. 'Yan ƙasa da shekara 5 ba sa biya. Tikitin da ake saye tun da wuri yakan fito kimanin mako 8 zuwa 12 kafin ranar tafiya, kuma na wani jirgi ne takamaimai: in ya wuce ku, ya wuce da kuɗinku.

A cikin yankin, bas mai lamba 555 ita ce ƙashin baya. Tana bi ta Kendal da Windermere da Ambleside da Grasmere har Keswick. Mai lamba 599 kuma samanta a buɗe yake, yara suna ɗaukarta a matsayin yawon buɗe ido. Tun Janairun 2025 an ƙayyade kuɗin hawa ɗaya a yawancin motocin bas na Ingila a kan fam 3, amma ku duba ko tsarin yana nan kafin ku tashi, ku kuma tambayi direba tikitin yini na rukuni idan za ku hau fiye da sau biyu. Ko da kuna da mota, akwai ranakun da bas ta fi: a lokacin hutu wuraren fakin na bakin tafki sukan cika tun hantsi. Wanda zai yi amfani da mota kullum ya lissafa ko shiga National Trust zai biya shi, tunda membobi ba sa biyan fakin a wurarenta, irin su Tarn Hows da Aira Force da Fell Foot. Ku riƙe katin banki da 'yan sulalla, domin sabis ɗin waya yakan ɗauke a cikin kwaruruka, manhajar biyan fakin ta ƙi buɗewa.

Abinci

Ku yi babban cefane sau ɗaya a Kendal ko Penrith kafin ku shiga ciki, shagunan ƙauye a bar su ga madara da burodi. Masu neman naman halal su saya tun a hanya, a Mancesta ko Preston, su zuba a kula da ƙanƙara, don a cikin gandun da wuya a samu. Ku dafa miyar kwana biyu tun a gida ku daskarar da ita. Za ta riƙe sanyin kular a hanya, ta kuma zama abincin daren farko, daren da gajiya ke sa a sayi na waje. Kullum da safe a haɗa abincin rana a jaka, da fulas na shayi da gorar ruwan kowa. Ruwan famfo ana shansa.

Inda za a kai yara ba tare da biya ba

Hawan tudun Orrest Head yana farawa daga tsallaken tashar Windermere. Tsayinsa mita 238, hawan kamar rabin awa da yara, kuma daga samansa ana hango tafkin da manyan tsaunuka. Tarn Hows zagayen ƙaramin tafki ne na kusan kilomita uku da keken jariri ke iya bi. A Keswick akwai Friar's Crag a bakin tafkin Derwentwater, da tsohuwar hanyar jirgi zuwa Threlkeld, kilomita biyar a shimfiɗe, da da'irar duwatsu ta Castlerigg wadda ta kai shekara dubu biyar. Aira Force ruwa ne mai zubowa daga kan dutse, tsayin mita ashirin, kusa da Ullswater. Tsaunin Catbells, mita 451, ya dace da yaran da suka tasa, amma akwai wuraren da sai an dafa dutse da hannu. Scafell Pike, mita 978, mafi tsayi a Ingila, ba na ƙananan yara ba ne. Abu ɗaya da ya cancanci a biya masa kuɗi shi ne yawon jirgin ruwa, sau ɗaya, a Derwentwater ko Ullswater ko Windermere. Ku sayi tikitin zuwa kawai zuwa wata mashiga ta kusa, ku dawo a ƙafa ta bakin ruwa.

Ruwan sama da ruwan tafki

Za a yi ruwa. A Disamban 2015 an auna milimita 341.4 cikin awa 24 a Honister da ke cikin yankin, adadin da ba a taɓa gani ba a Birtaniya. Iyalin da suka zo babu shiri su ne ke ƙarewa a gidajen shayi da wuraren wasa na biya, ko su sayi rigunan ruwa biyar da tsada a Ambleside. Kowa ya taho da rigar ruwa mai hula, da wandon ruwa, da takalmi mai riƙe ƙasa, da safa ta canji. Wandon jins ba ya bushewa in ya jiƙe, yana kuma janye ɗumin jiki. Lema ba ta jure iskar kan tudu. Ku ware kuɗin yini ɗaya na cikin gini tun a kasafi, ku riƙa duba hasashen yanayi na tsaunuka kowace safiya, don yanayin gari daban, na kan tudu daban.

Tafkunan suna da sanyi ko a Agusta, wasu kuma bakinsu yana zurmawa farat ɗaya. Zurfin Wastwater ya kai mita 79. Ruwan da bai kai digiri 15 ba yana sa mutum jan numfashi ba da sonsa ba a minti na farko, har gwanin iyo ya shaƙi ruwa. Ku koya wa yara tun a gida: wanda ya faɗa ruwa ya kwanta rigingine, ya buɗe hannu da ƙafa har numfashinsa ya daidaita. An hana iyo a Thirlmere da Haweswater da Ennerdale Water. Idan ruwa ya yi kore-kore kamar an zuba fenti, gansakuka ce mai guba, kada yaro ya taɓa. Duk wanda zai shiga kwale-kwale ya sa rigar da ke hana nutsewa.

Da dare a duba jikin yara saboda kaska, musamman bayan gwiwa da hammata da cikin gashi. A cire ta da hantsaki, a kama dab da fata a ja sama a hankali. Idan jan zobe ya fito a wurin cikin makonnin da suka biyo baya, a ga likita. Ga rashin lafiyar da ba ta gaggawa ba a kira 111. Idan hatsari ya faru a kan tudu, a kira 999, a nemi 'yan sanda, sannan a ce ana buƙatar masu ceto na tsauni. Tun kafin ku bar gida ku aika kalmar register zuwa 999 ta saƙon tes ku bi umarnin da za a turo, domin a inda sabis ya yi rauni tes yakan fita ko kira ya ƙi shiga.