Yadda na gyara robar da ke riƙe tukwanen iska a ɗamarar nutso

Lokacin da na fara nutso da tukwane biyu a gefen jiki a Dahab ta ƙasar Masar, kawunan tukwanen sukan sauko ƙasa da ƙirjina, maimakon su kwanta a bayan hammata daidai da tsawon jikina. Da farko na zargi ƙugiyar ƙasa, wadda ke maƙala gindin tukunya a ɗamarar, na yi ta matsar da ita a banza, ashe igiyar robar da ke riƙe kawunan tukwanen ce ta yi tsawo, kuma ta saki saboda daɗewa.

Na sayi sabuwar roba mai kaurin milimita 6, na ɗaura ta a bayan ɗamarar daidai tsayin hammata, sannan na riƙa rage tsawonta kaɗan-kaɗan, ina shiga ruwa marar zurfi ina gwadawa bayan kowane ƙulli, domin awon da aka yi a tsaye kan tudu yaudara ne. Na tsaya a inda bawul, wato mabuɗin iskar da ke kan tukunya, ya manne da jikina amma hannuna yana kai wa gare shi ba wahala.

Saura gindin tukunyar alminiyam da ke tashi sama idan iska ta ragu. Wannan kam sai na mayar da ƙugiyar ƙasan zuwa zoben da ke gaban ɗamarar.