Yadda Za Ka Gyara Saitin Bindigar Farautarka A Gida

'Yan'uwa maharba, maganar nan kan bindiga mai sakata ce, irin wadda ake ja da hannu a ɗura harsashi ɗaya-ɗaya, kuma da mai lasisi nake. Dokar makamai ta 1959 ta ce sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda ake riƙe irinta, hatta gyaran bindiga sai mai izini, don haka abin da za ka yi a gida kulawa ce kawai, kada ka kai zarto kan ƙarfe ko ka ce za ka sassauta kunama.

Kafin komai cire harsashi, zare sakatar, leƙa ciki da idonka. Sannan ka duba sukurori. Wallahi galibin bindigar da ake cewa ta daina saiti ba komai ba ne illa sukurorin da ke haɗa ƙarfe da ƙota sun saki, ko na madubin saiti. Ɗaure su daidai, ba ɗaurin da zai cinye zare ba.

To ga inda mu a Zariya abin ya fi shafarmu. Ƙotar itace tana tafiya da yanayi, a watan Agusta ta sha laima ta kumbura, hunturu na shigowa daga Disamba ta bushe ta motse, shi ya sa bindigar da ka saita da damina za ka fita da ita a Janairu ka ga tana harbi gefe kana ta zargin harsashi alhali itacen ne ya danne bututu. Ka ɗauki takardar naira ka zura tsakanin bututu da ƙota, in bindigar irin wadda aka ƙera bututunta ba ya taɓa itace ce, takardar za ta wuce sumul. In ta cije a wani wuri, nan matsalar take, kai wa mai izinin gyara.

Wankin cikin bututu kuma ta bayan bindiga ake yi, ta inda sakata ke shiga, saboda ɗan ƙwarzane a leɓen bakin bututu ya isa ya karkatar da harsashi. Ƙurar hazo da mai in suka haɗu cin ƙarfe suke, don haka mai kaɗan, ka bi da busasshen tsumma kafin harbi.

Wajen gwaji kar ka harba a tsaye. Ɗora ta kan buhun yashi, ƙotar ce za ta hau buhun ba bututu ba, harba uku zuwa biyar da harsashi iri ɗaya kamfani ɗaya, kana bari bututu ya huce. Tsakiyar inda suka taru za ka bi, kada ka riƙa murɗa madubi bayan kowane harbi. A yawancin madubai, ƙas ɗaya da za ka ji in ka murɗa yana gusar da inda harsashi ke sauka da kusan milimita 7 a nisan mita 100.

Wurin gwajin ya zama da tudun ƙasa mai laushi a bayan abin harbi, nesa da gari. Banda gindin duwatsu irin na Kufena, harsashi na dukan dutse ya yi tsalle, kuma ko ɗan ƙaramin .22 yana wuce kilomita 1, ga manoma da makiyaya ko'ina a dajinmu.